Waɗanda suka taɓa zuwa sashen fisiyo (sashen horar da jiki da motsa gaɓoɓi a asibiti) a Jos, ku ba mu labari

Ɗiyar majinyaci, Anguwan Rogo: Salamu alaikum. Babanmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ya jawo. An sallame mu da takardar zuwa fisiyo, dangi kuma sun ce a bari ya ƙara ƙarfi tukuna. Me ake yi a can ne?

Wata uwa, Rikkos: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, kada ku jira. Mai gidana a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, aka duba shi, kuma tun ranar farko likitar ta ce watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar horo. Zama a bakin gado suka fara koya masa, sai tsayuwa, sai tafiya tsakanin ƙarafa biyu yana dafawa. Ni ma sai da aka koya min aikina: in riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kuma kada wanda ya ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. Masu zuwa dubiya ne matsalar, kowa ya shigo sai ya kama hannun nan wai zai taimaka.

Direba, Bukuru: Ni karaya ce a cinya. Bayan an sa ƙarfe gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sallah ma a kujera nake yi. Ranar da suka fara lanƙwasa ta, wallahi na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Yanzu ina sujada.

Malamar makaranta, Gangare: Alhamdulillah, Malam. Amma a faɗi wahalar ma. Sai ka yi sammako cikin sanyin hunturun nan, ka ɗauki shatar Keke, ka tarar da layi, wani lokacin a ce babu wutar da za a kunna na'ura. Kuɗin mota ya fi kuɗin aikin cin mu. Shi ya sa da yawa ke dainawa.

Wata uwa, Rikkos: Haka ne, Malama. Mu da aljihu ya yi sanyi, gaya musu muka yi, suka rage mana zuwa suka ƙara aikin gida: buɗe yatsu, ɗaukar kofi, tashi daga kujera. Na ɗauki bidiyo a waya don kada in manta.

Direba, Bukuru: Ku kula da ruwan zafi. Wani dattijo a layinmu, gashi aka yi masa a gida, ƙafar ba ta ji, har ta sale ba wanda ya sani.

Ɗiyar majinyaci: Na gode, Allah ya saka da alheri. Litinin za mu je in sha Allah. Keken guragu fa, a can ake samu ko mu nemi aro?