Taƙaitawa: yadda rana ke sauya mannewar furotin a jikin roba

Jama'a, zancenmu kan ko furotin ya fi manne wa robar da ta sha rana ko sabuwa ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda hasken UV na rana (wani haske da ido ba ya gani) yana tsinka dogayen sarƙoƙin sinadaran da suka haɗu suka zama roba, oksijin ya shige ta, fuskarta ta yi kaushi ta tsattsage. Daga nan take marmashewa zuwa ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba.

2. Sabuwar roba, irin su polistirin (wadda ake yin kofuna da mazuban abinci na yarwa da ita), ba ta son ruwa, furotin kuma yana manne mata ta ɓangarorinsa masu gudun ruwa. Wadda ta sha rana kuwa tana jiƙuwa, cajin fuskarta ya karkata zuwa negetif.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce mannewar tana raguwa, wasu sun ce tsagewar ta ƙara fili, don haka tana ƙaruwa. Rukuni na uku, kuma ina tare da su, sun ce ya danganta da furotin ɗin: laisozaim (furotin da ke cikin hawaye da farin ƙwai) mai cajin fozitif yana jawuwa zuwa fuskar mai cajin negetif, albumin (furotin na jini) kuwa negetif ne a pH (ma'aunin tsami) na jini, don haka cajin ba ya jawo shi.

4. Shawarar da ta fi yawa: kada a tsaya kan sabuwar roba wajen gwaji, domin galibi wadda ta sha rana ce halittu ke haɗiya. A rubuta pH, yawan gishiri da tsawon lokacin haskawa.

5. Ko fitilar UV da ake haska roba da ita wajen gwaji tana wakiltar rana sosai? Ba a daidaita ba.