Tumaki na cinye abincin 'ya'yansu, wane irin komi zan sa?

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin garken tumaki, 'ya'yan sun haura sati uku, ina so su saba da dusa da hatsi kafin yaye. Iyayen ne ba sa barin su.

Na keɓe musu lungu da katako, na bar ƙofa mai faɗin santimita 25. Manyan tumakin ba sa iya shiga, amma siraran cikinsu kutsawa suke yi su share komin tas. Da na rage faɗin zuwa 15, sai 'ya'yan da suka fi girma suka riƙa maƙalewa a kafaɗa. Ɗaya har ya kurje, yanzu ko kusa da wurin ba ya zuwa. Komin kuma buɗaɗɗe ne, hawa suke yi su yi kashi a ciki, abincin ya jiƙe ya yi tsami, kullum sai na zubar.

Na ga akwai na ƙarfe mai murfi, da sandunan da ake matsarwa idan 'ya'yan sun girma, sai dai akwai tsada. Ga wanda ya gwada shi, yana hana siraran tumaki shiga kuwa?