Ƙarshen Picnic at Hanging Rock ya ɗaure min kai

Jama'a, a taimaka. Sau uku ke nan ina kallon wannan fim na Peter Weir na 1975, har yau ban gane ƙarshensa ba. 'Yan mata uku da malamarsu sun hau dutse a Ostareliya ranar 14 ga Fabrairu 1900, suka ɓace. A cikin 'yan matan, Irma kaɗai aka gano, ita ma ba ta tuna komai.

Da farko na ɗauka kashe su aka yi, amma ba a ga gawarsu ba. Na karanta babi na 18 na littafin Joan Lindsay da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki, babin da sai 1987 ya fito, ya ƙara rikita ni.

Agogunan nan na cikin fim ɗin da suka tsaya ƙarfe 12 cif a ranar da suka ɓace su ne suka hana ni sakat. Me tsayawarsu take nufi game da ɓatan yaran?