Ɗigona sun hau kan juna a ggplot2, ku yaya kuka yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na auna nauyin awaki a ƙauyuka uku don aikin digiri na biyu. Malamina ya ce in bar zanen sanduna, yana son ganin kowace akuya da ɗigonta. Na yi da umarnin geom_dotplot na ggplot2 (kayan zane na manhajar nazarin alƙaluma ta R), sai ga ɗigo manya-manya, wasu sun haye kan na maƙwabta. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni ma na sha wannan fama. Matsalar binwidth ce, wato faɗin kowane gida da ake tara alƙaluma a ciki. In ba ki faɗa wa geom_dotplot faɗin ba, shi da kansa yake raba tazarar alƙalumanki gida 30, kuma faɗin ɗigo yana bin wannan rabon. Ni nauyin yara na auna, na sa binwidth = 0.5, binaxis = "y", stackdir = "center", suka jeru tsaf. Ki fara gyara binwidth kafin ki taɓa dotsize, mai ƙara ko rage girman ɗigo.

Amsa ta biyu: Yaya ya faɗi gaskiya, amma ga abin da ya kusa ja mini kunya. Na koma geom_jitter don ɗigo su warwatsu. Ashe in ba ka hana shi ba, sama da ƙasa ma yake girgiza su, ba gefe kaɗai ba. Ana gobe zan gabatar na hango ɗigo ƙasa da sifili, alhali ƙwan sauro na ƙirga! Ta yaya ƙwai zai gaza sifili? Raina ya ɓaci ƙwarai, don zanen yana nuna abin da ban auna ba. Tun ranar height = 0 nake sawa, don ya daina girgiza su sama da ƙasa. In kuma kin ɗora ɗigo a kan geom_boxplot, wato zanen akwati, ki sa outlier.shape = NA, in ba haka ba akuyar da ta fita zakka za ta fito sau biyu.

Amsa ta uku: Ni wata manhajar daban, Stata, nake amfani da ita: umarnin dotplot, da over, center da median (adadin da ke tsakiya in an jera alƙaluma). Launi ne ya ci ni. Na yi ja da kore, wurin bugawa babu kala, duka suka zama toka-toka. Yanzu siffa nake bambantawa, wani da'ira cikakkiya, wani mai rami.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na gwada 0.5 ɗin, sun rabu. Yaya, sunayen ƙauyukan fa, ta yaya zan jera su daga mafi nauyi?

Amsa ta farko: Da reorder, ki ba shi median, ki sa decreasing = TRUE.