Neman shawara: mugun kitsen jinina ya ƙi sauka duk da na sauya cima

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon likitoci da masana abinci a kan wata matsala da ta shige mini duhu.

Gwajin jini ya nuna cewa kwalastarol (kitsen jini) ɗina mai lahani, wato LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyi har ya toshe hanyar jini zuwa zuciya, ya kai 170, alhali ana so ya kasance ƙasa da 100. Mai amfanin kuma, HDL, wanda ke kwashe rarar kitse ya mayar da shi hanta, bai kai 40 ba. Na daina cin tsire da kayan ciki, na rage man shanu da manja, na koma ga wake da kuɓewa da kifi, kuma ina cika tafiyar minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Na bar sigari tuntuni. Da aka maimaita gwajin, saukar ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ciwon zuciya ne ya yi ajalin mahaifina tun bai cika shekara hamsin ba. Tunda hanta ce ke sarrafa mafi yawan kwalastarol ɗin jiki, shin gado ne ke hana nawa sauka? Idan haka ne, in fara shan maganin sitatin mai rage kwalastarol yanzu, ko in ƙara wa canjin abincin lokaci? Shin ya kamata a gwada 'ya'yana su ma?