Feshin da ke korar ruwa: zai yi a teburin nama?

Mahauci, Oko-Oba:
Salamu alaikum. Wani ɗan talla ya kawo mana feshi nan Agege, wai in an fesa wa tebur ruwa ba ya zama, ƙwayoyin cuta ma ba sa mannewa. A gabana ya zuba ruwa, ya gangare dunƙule-dunƙule kamar a ganyen gwaza. Ni kuma da damina katakona ba ya bushewa. In saya?

Ɗalibi, Akoka:
Alhaji, dabarar gaskiya ce. Saman ne ake cikawa da 'yan tsinaye masu girman nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Iska na maƙalewa a tsakaninsu, ɗigon ruwa ya hau kanta, ƙwayar cuta ta rasa madafa. A 2013 masana a Ostireliya sun nuna irin tsinayen nan a fikafikan mazari har farke ƙwayoyin suke yi.

Mai fenti, Mile 12:
Duk da haka, Baba, ba na teburinka ba ne. Wuƙa da buroshi za su kankare shi, kitse ya toshe sauran. Kuma abu zai taɓa nama, ka tambayi ɗan tallan lambar NAFDAC tukuna.

Mahauci, Oko-Oba:
Af, gwangwanin ko rubutu babu.