Wai me ya sa mulhidai suke sanin Baibul haka?

Ɗan_Wusasa:
Salama jama'ar zaure. Tambaya gare ni amma don Allah kar a maida ita faɗa. Ni Kirista ne Bahaushe, a Wusasa aka haife ni aka yi min baftisma. Akwai wani ɗan ɗakinmu a Samaru, shi ya ce ya daina yarda akwai Allah kwata-kwata, ba wai musulunta ya yi ba fa, ba coci ba masallaci. Abin da ke ɗaure min kai yadda gayen nan ya san Littafi Mai Tsarki. Sai ya ce maka ya Yahuza ya mutu, ka ce rataye kansa ya yi, ya ce eh Matiyu 27 kenan, toh buɗe Ayyukan Manzanni 1:18, can kuma faɗuwa ya yi cikinsa ya fashe. Ya ce waye baban Yusufu mijin Maryamu, Matiyu ya ce Yakubu, Luka ya ce Heli, zaɓi ɗaya. Kuma ba waya yake dubawa ba, da ka yake kawowa. Shin haka suke duka ne? Karatun ne ke fitar da su daga addini, ko sai sun fita suke komawa neman hujja?

Malamin_Kongo:
An taɓa auna abin ai. A 2010 cibiyar Pew ta Amurka ta yi wa mutane tambayoyi 32 kan addinai, mulhidai, wato waɗanda ba su yarda akwai Allah ba, da masu cewa ba a iya sanin ko akwai Allah su suka zo na ɗaya, sun ci kusan 21, Yahudawa da 'yan Mormon na biye da su, Furotesta 16, Katolika wajen 15. Wannan shi mutane ke yawo da shi a Facebook. Abin da ba sa faɗa, a tambayoyi 12 da suka shafi Baibul da Kiristanci kaɗai 'yan Mormon ne gaba, sai 'yan Ibanjelikal farar fata, mulhidan na bayansu. Inda su da Yahudawa suka yi wa saura fintinkau tambayoyin sauran addinan duniya ne da matsayin addini a dokar ƙasa. Kuma tambayoyin ba wani zurfi gare su ba, irin su wane littafi ne na farko, a wane gari aka haifi Yesu. Sannan Amurka ce ba Zariya ba, a can yawancinsu a gidan Kirista suka tashi kuma masu dogon karatun boko ne, dole a ga haka.

Baba_Katikis:
Ɗana, kwantar da hankalinka, abokin naka bai gano komai sabo ba. Maganar zuriyar Yusufu tun ƙarni na 3 wani malami Yuliyus Afirkanus ya yi bayaninta da auren gado, wato mutum ya mutu ba ɗa, ɗan'uwansa ya auri matar, yaron ya zama yana da uba na jini da uba na shari'a. Wasu kuma suka ce Luka zuriyar Maryamu ya bi. Ta Yahuza kuwa an daɗe ana cewa ya rataye kansa ne gawar ta faɗo ta fashe. Ko bayanin ya gamsar da kai ko bai gamsar ba wannan daban, amma ba ɓoye abin aka yi ba. Bari ma in ƙara masa wadda bai faɗa maka ba, ƙarshen Markus 16 daga aya 9 zuwa 20 babu shi a tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, haka labarin matar da aka kama da zina a farkon Yahaya 8, kuma Baibul da yawa sun rubuta haka a ƙasan shafi, kowa na iya gani, mu ne dai ba ma kallon ƙasan shafin.

Laifin namu ne. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma Dakta Miller, ɗan mishan na nan Zariya, ne ya sha wahalar aikin da shi da Hausawan da suka taya shi, iyayenmu da shi suka koyi karatu, tsohuwa ta zumuntar mata sai ta kawo maka sura guda da ka. Yanzu fa? Wa'azi ya koma albarka, buɗi, baiko, aya ɗaya a yi awa biyu a kanta ana ihu. Yaro ya tashi a Sande skul bai wuce Dauda da Goliyat ba, ya shiga jami'a wani ya buɗe masa littafin Mahukunta sai ya rikice. Kuma ka sani sanin aya daban bangaskiya daban, Shaiɗan ma Zabura 91 ya karanto wa Yesu lokacin gwaji, duba Matiyu 4. Irin saninsu na bakanike ne, ya san duk inda mota ke yoyo amma bai taɓa doguwar tafiya da ita ba.

BaSuna:
Baba ina gaisuwa, amma ka yi min afuwa, mun yi tafiya da motar. Ni ina cikin mutanen da ake magana a kansu, a kwaya na girma, na jagoranci nazarin Baibul, ba daga waje na leƙo ba. Kuma ba Yahuza ko Heli ne suka fitar da ni ba, waɗannan ƙananan abu ne, da su kaɗai ne da har yau ina coci. Ɗan yayata sikila gare shi, yaron ya sha azaba iya azaba har ya rasu, an yi azumi an yi addu'ar dare, wani fasto da ba zan faɗi cocinsa ba ya ce wa uwar bangaskiyarta ce ta yi kaɗan, ta ƙaro baiko. Na koma littafin Ayuba neman sanyi, sai na tarar an kashe masa 'ya'ya goma saboda wata gardama da aka yi a sama bai ma sani ba, a ƙarshe aka ba shi wasu goma, wai an biya shi kenan, a tambayi kowace uwa in ana musanyar ɗa. Na je 1 Sama'ila 15:3, umarni ne a hallaka Amalekawa har jarirai masu shan nono. Na tambaya aka ce kar in yi wa Allah bincike.

Sai kuma abu na biyu da har yau ba wanda ya ba ni amsarsa. Daga Wusasa zuwa cikin birni tafiyar 'yan mintuna ce a keke napep. Da a bayan ganuwa aka haife ni da yanzu Musulmi ne ni mai yaƙini ɗari bisa ɗari, ina tausaya wa 'yan Wusasa, su ma suna tausaya min. Toh ya za a ce wuta ko aljanna ta har abada ta rataya a kan unguwar da aka yanke maka cibiya?

Ɗan_Wusasa, amsarka a gani na ita ce duka biyun, tambaya ce ke sa mutum karatu, karatun ya ƙaro tambaya. Ka duba Bart Ehrman, Ba'amurke masanin Sabon Alkawari, ya yi karatun addini a makarantun Moody da Princeton, ya san saɓanin tsofaffin kwafe sosai kuma ya ci gaba da zama Kirista shekaru da saninsu, shi da bakinsa ya ce wahalar da ke duniya ce ta raba shi da bangaskiya. Sunana kuma ba zan sa ba, kowa ya ga shekara 24 da kotu ta yanke wa mulhidi Mubarak Bala a Kano a 2022 kan ɓatanci ga addini, duk da kotun ɗaukaka ƙara ta rage daga baya.

Ummu_Khalil:
Slm. Ni Musulma ce daga Tudun Wada, na ga wasu 'yan'uwa sun fara turo alamar dariya shi ya sa na shigo. Wlh ku daina, ba abin dariya ba ne. Jerin ayoyin nan da yawanmu a kasetin mai wa'azin Musulunci Ahmed Deedat muka fara jinsu, irin muƙabalarsa da fasto Swaggart na Amurka ta 1986, muna jin daɗi an kayar da Kirista. Amma mulhidi ba Kirista kaɗai yake nufi ba, wanda ya fita daga gidan Musulmi haka zai zauna ya jero maka ayoyi da hadisai da ka, kai da ka yi saukar allo ka rasa ta cewa sai zagi. Tambayar BaSuna ta yaron nan ai mu ma ta shafe mu, mu muna cewa jarrabawa ce da ƙaddara kuma na yarda da hakan har zuciyata, amma ban ga amfanin ce wa mai makoki imaninsa ne ya yi ƙaranci ba, ko fasto ya faɗa ko malam. BaSuna, Allah ya ba yayarka haƙuri, ko ba ka yarda da addu'ar ba ni dai na yi.

Ɗan_Wusasa:
Na gode duka. Baba toh ta Ayuba da ta Amalekawa fa? Don na san da na kai masa bayanin auren gado nan zai tsallako.

Baba_Katikis:
BaSuna ɗana, na ji, kuma faston nan ƙarya ya yi wa yayarka, Ayuba 42:7 ma Allah abokan Ayuba ya yi fushi da su, su da suka nace laifinsa ne ya jawo masa. Sauran kuwa ba maganar da zan buga da babban yatsa a waya ba ce, idona ma ba ya jurewa. Ɗan_Wusasa ka same ni ran Lahadi bayan sujada ta biyu, ka zo da abokin naka in zai yarda, ka ce masa ba addu'ar cire aljani za a yi masa ba, ya taho da Baibul ɗinsa da duk tambayoyin.